Kalmar da Gwaggo Ta Daina Faɗa

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, gwaggona kuwa ta riga mu. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta cika da hantsi a wani asibiti da ke gabashin Alƙahira, aka yi mata sutura bayan la'asar, a ƙasar da ta zauna fiye da shekara talatin ba ta taɓa kiranta gida ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki a unguwarta, Arba wa Nus. Mata suna sama a ɗakunanta biyu na hawa na huɗu, mu maza muna bakin gini, inda mai shagon ƙasa ya janye akwatunan lemo ya ba mu wuri. Ban san tana da mutane haka ba. Ɗalibai sun zo daga kowace kusurwa, 'yan Kano da 'yan Sakkwato da 'yan Damagaram, duk waɗanda suka taɓa cin tuwonta na Juma'a. Wani ɗan Maraɗi yana kuka ya ce, “Yanzu wa zai ƙara yi mana miyar kuka a garin nan?” Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya rufe fuska, aka yi dariya ana hawaye. Mai gidan burodin layin, Bamisire, ya aiko da burodi faranti biyu ya ce kada kowa ya tambaye shi nawa ne. Maƙwabciyarta, Bahaushiyar Sudan wadda suka yi shekara ashirin bango ɗaya, ta sauko har inda muke ta ce, “Wallahi ban taɓa jin matar nan ta ce wash ba.” Ta faɗi haka ta kalli kowa, ni kaɗai ta tsallake.

Mahaifina ya kira daga gida. Ya ce, “Kai ka riƙe mini ita a can. Allah ya yi maka albarka.” Haka kowa ya riƙa faɗa yana miƙo mini hannu: sai haƙuri, ka cika ɗa, ta tafi tana yabonka. Ni kuwa na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne ya yi mini nauyi. Akwai baƙin cikin, amma kunya ta fi shi yawa.

Don haka nake rubuta wannan. Ina so kada a manta da ita, kuma ina so a san na karɓe mata wani abu ban mayar ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ba wani babban abu ba ne a idon mutane. Kalma ce guda ɗaya, mai haruffa biyar.

Aure ne ya fitar da gwaggo daga gida. Wani ɗan kasuwa ya tafi da ita Sudan, suka haifi 'ya ɗaya, ta girma aka aurar da ita a can, daga baya ciniki ya jawo shi Alƙahira, bai daɗe ba ya rasu. Aka yi da ita ta koma gida, ta ce ba za ta koma hannu na dukan cinya ba. Ta samu aiki a unguwar Ma'adi, gidan wata tsohuwa baturiya 'yar Sikotilan, malamar makaranta ce da ta yi ritaya ta ƙi komawa garinsu. Madam kawai gwaggo ke ce mata. Shekara goma sha tara suka yi tare, daga girki da shara har ya kai ga gwaggo ce ke yi mata wanka, kuma a hannunta ta mutu.

A wurin Madam ta koyi Turanci, da kunne, don gwaggo ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Takan ce tun ranar farko ta san za su shirya. “Na tambaye ta in kawo shayi, sai na ji ta ce ai. Na ce oh, ashe Bahaushiya ce aka shafa wa farar ƙasa!” Wai haka mutanen garinsu ke cewa e. Sun yi faɗa kuwa ba sau ɗaya ba. Wanda ta fi son ba da labarinsa shi ne na daddawa. Madam ta buɗe kabad ta ji wari, ta kwashe daddawar da aka kawo wa gwaggo tun daga Kano ta zuba a shara. Gwaggo ta dubi sharar ta ci gaba da aikinta. Washegari ta buɗe firji ta ɗauko cukun Madam, irin mai tsanwa-tsanwan nan da ta saya da tsada, ta bi da shi inda daddawa ta bi. Da aka tambaye ta sai ta ce ta ga ya ruɓe ne. Kwana uku ba sa magana, a na huɗu Madam ta ware mata kabad guda ta ce wannan na warinki ne, wancan na nawa.

Ni na iso Alƙahira bayan rasuwar Madam da shekaru, na zo karatun Turanci da fassara. Sunan kakana aka sa mini, wato mahaifinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini. Watanni shida na yi a ɗakinta kafin in samu wuri kusa da makaranta, kuma sanyin farko da na gani a garin nan ita ta raba ni da shi: ta ba ni bargonta mai kauri ta ce ita zafi take ji, daga baya na gane da zannuwa uku take rufa. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai ta haɗa shayi da madara a kofi mai faranti, ta zauna ta miƙe baya kamar za a ɗauke ta hoto. Ranar Juma'a kuwa ƙofarta a buɗe take ga duk ɗalibin da ya iya hawa benen. In an ce mata tana wahalar da kanta sai ta ce, “Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.”

A bakinta na fara jin kalmar. Thole. Tana faɗinta da harshe tsakanin haƙora, kamar mai karanta harafin nan na Larabci mai ɗigo uku a sama, sannan ta ja ta: thool. Ta mai da ita Hausa tsaf. In ruwa ya ɗauke kwana biyu, a yi thole. In gwiwa ta hana ta sauka, yau thole nake yi. Na taɓa tambayarta, tun ina sabon zuwa, me ya raba ta da haƙuri. Tana tankaɗe ta ce, “Haƙuri ba ka shi ake yi, Babana, a ce maka yi haƙuri. Wannan ba wanda zai ba ka. Daurewa kuma ana cije baki, kowa ya gani. Wannan kana yi kana shara, kana ɗora tukunya, ba wanda ya sani.” Na ce to, na ci gaba da danna waya.

Sai da na shekara uku a jami'a na fara jin kaina. Abokaina suka sa mini Malam Ƙamus, don ba na rabo da wani ɗan ƙamus na Turanci da Larabci da na saya a wurin masu tsofaffin littattafai, kuma ba a yin kuskure a gabana in bar shi ya wuce. Ina jin daɗin sunan, kada in yi ƙarya. Daidai lokacin ne Turancin gwaggo ya fara yi mini ƙaiƙayi a kunne. In ta saki kalma a gaban mutane sai in ji kamar ta fito da zane a karkace.

Wata Juma'a cikin sanyi na je da abokaina uku. Muna cin tuwo ɗaya daga cikinsu ya shiga ƙorafin sabunta izinin zama: tun asuba yana layi, da ya kai taga aka ce masa bukra, ya dawo gobe, karo na huɗu ke nan. Gwaggo tana zuba masa miya ta ce, “Ma'alish, ɗana, ba komai. Yi thole, zai wuce.”

Ya ce, “Gwaggo, in yi me? Wane yare ne wannan?”

Ta ce, “Turanci ne, na garin su Madam.”

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce, “Gwaggo, shekara uku ina karanta Turanci safe da yamma, ban taɓa cin karo da ita ba. Wataƙila ba ki ji daidai ba ne.”

Ta ajiye ludayi. Ta ce ta ji daidai, har rubutunta ta sani, Madam ta koya mata. Ta ɗaga yatsu ta ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya, su biyar, fuskarta cike da murna kamar yarinya ta kawo hadda. Su kaɗai ne haruffan boko da ta sani a jere. Da hannunta ta miƙo mini bulalar.

Na ciro ƙamus na buɗe, sai ga kalmar. Ma'ana ɗaya ce a gabanta, na karanta da ƙarfi na fassara: ɗan turken da ake kafawa a gefen kwalekwale, a jingina filafilin tuƙi a kansa. Na rufe littafin na ce, “Jama'a, ashe duk shekarun nan gwaggo cewa take mu zama turken kwalekwale.”

Ɗakin ya kwashe da dariya. Mai izinin zama har da ƙwarewa, wani ya ce gobe sai mu raka gwaggo bakin Nilu ta kama sana'a. Wayata tana aljihu, da na duba ta minti ɗaya da na ga sauran bayanin, amma ban duba ba, don na riga na samu abin da nake so. Gwaggo ta yi ɗan murmushi. Ta ce, “To, Babana. Kai ka yi karatu.” Ta ƙara mini nama a kwano ta shiga kicin.

Muna sauka maƙwabciyar nan ta tare ni a matakala, don ta bangon tana jin komai. Ta bari abokaina suka yi gaba, ta riƙe mini hannun riga.

“Ya walad, kai yaro, ka san inda ta samo kalmar nan?”

Na ce wurin Madam mana.

Ta ce, “Ranar da aka bugo mata waya daga Sudan cewa 'yarta ta rasu wurin haihuwa, ita da abin cikin, tana gidan Madam. Ba ta da takardun tafiya. Duk wanda ya zo sai ya ce sabr, ya ce haƙuri, ya tafi. Tsohuwar nan da ba ta iya durƙusawa ta sauko ƙasan kicin ta zauna kusa da ita har magariba. Ita ma ta binne ɗa. Ba ta ce mata komai ba sai kalmar nan. Shi ne ka zo da ɗan littafinka.”

Kun san abin da na ce? Na ce, “Allah ya ji ƙanta, Hajiya, amma ai ni ba ni na rubuta ƙamus ba.” Ta sake mini riga ta ce khalas, wato shi ke nan, ta juya. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Gwaggo ba ta canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Tuwona yana nan, addu'arta tana nan. Abu ɗaya ne ya canza, shi ma sai da aka yi watanni na lura: ta daina faɗin kalmar. Ba ita kaɗai ba, duk Turancin ta naɗe ta ajiye. In gwiwa ta tashi sai ta ce ana haƙuri. A lokacin har wani daɗi na ji, wai na gyara ta.

Bayan shekara biyu na fara aiki a wani ofishin fassara a unguwar Dokki, da yamma ina karatun digiri na biyu. Akwai darasin da muke yi kan karin harshe, wato yadda mutanen yanki ke magana dabam da Turancin littafi, da wahalar fassara shi. Malamar Bamisiriya ce da ta yi karatu a Sikotilan. Wata rana ta shigo ta ɗauki alli ta rubuta haruffa biyar a allo. Haruffan gwaggo ne.

Ta ce kalmomi biyu ne suka faɗa rubutu ɗaya, ba su haɗa komai ba. Ɗaya turken kwalekwale. Ɗayar kuma aikatau ce, tsohuwa ƙwarai, tun Turancin farko tana nan, Turawan da ke kudu da Sikotilan suka yar da ita, 'yan Sikotilan da maƙwabtansu suka riƙe. Ma'anarta ɗaukar abin da ba ka da ikon saukewa. Ta ce mawaƙansu na da sun yi amfani da ita ga manomin da hunturu ya rufe shi ba hatsi, da uwar da teku ya cinye wa ɗa, da wanda aka ɗaure ba laifi. Marubutansu na yanzu kuma sukan sa ta a bakin tsofaffi da gangan, don mai karatu ya ji cewa wannan mutumin bai koyi wahala a makaranta ba. A hira ta yau da kullum har wasa ake da ita, mutum ya ce ba ya iya thole ɗin surukinsa. Ta tambayi ajin yadda za a fassara ta da Larabci. Aka ce sabr, ta girgiza kai. Aka kawo wata, ta ce an matso amma ba a kai ba. Sannan ta juyo gare ni, da yake ni kaɗai ne baƙo, ta ce ko harshenmu yana da ita.

Na miƙe na ce muna da haƙuri, muna da daurewa, amma duk ba su ba ne. Na ce haƙuri ba ka shi ake yi, wannan ba wanda zai ba ka. Na ce daurewa ana ganinta a fuska, wannan kuwa kana yi kana shara, kana ɗora tukunya. Malamar ta ajiye alli ta ce a rubuta, ba ta taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba. Ta tambaye ni inda na samo. Na ce tunani ne kawai ya zo mini.

Wannan ita ce sata ta biyu, kuma ta fi ta farko muni, don a ta farko jahilci ya taya ni.

Washegari na je ɗakin karatu na ɗauko babban ƙamus, wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi, na sa aka ɗauki hoton shafin. Na ninke takardar na sa a jaka da niyyar Juma'a mai zuwa in karanta mata a gaban kowa, kamar yadda na karanta waccan a gaban kowa. Juma'ar ta zo, mutane sun yi yawa, na ce sai an ragu. Wata Juma'ar ba kowa sai mu biyu, na ce ai a gaban mutane ya kamata. Da azumi na ce bayan salla. Wani lokacin in ce wataƙila ta manta, me zai sa in tono. Shekara ɗaya da wata huɗu takardar nan tana bin jirgin ƙasa na metro da ni safe da yamma, har gefenta ya yi baƙi. Gaskiyar ita ce Malam Ƙamus ba ya so a ji ya ce ya yi kuskure. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa har da naɗa shi da kyau.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita ina zuwa kullum bayan aiki. Ana gobe za ta rasu na je da la'asar, na ce yau ko sama za ta faɗo sai na faɗa. Na ciro takardar tun a bakin asibiti na riƙe a hannu. Da na shiga sai na tarar da abokina mai izinin zama a gefen gado, ya kawo mata lemo. Ga mai laifi, ga wadda aka yi wa laifi, ga shaida. Allah ya haɗa mini duk abin da na ce ina jira. Na mai da takardar aljihu.

Ta rame ƙwarai, amma idonta na nan yadda na san shi. Ta daɗe tana kallona, ta ce, “Babana, me ke bakinka? Tun ɗazu kake motsa shi.”

Na ce, “Ba komai, Gwaggo. Ya jikin?”

Ta buɗe baki, na ga harshenta ya zo tsakanin haƙora. Sai ta dubi abokina, ta dube ni, ta mai da shi. Ta ce, “Ana haƙuri.”

Mai jinya ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Na ce mata sai gobe.

Bayan sadakar bakwai na kira abokan nan uku, na ce mu haɗu a wani gidan shayi a Dokki in na tashi aiki. Na ce tunda ban faɗa mata ba, aƙalla in wanke ta a wurin waɗanda suka yi dariya. Aka kawo shayi, na shimfiɗa takardar a tebur, na karanta daga farko har ƙarshe, na fassara. Na ce gwaggo ce ke da gaskiya, ni ne jahilin, kuma na daɗe da sani.

Suka kalli juna. Ɗayan ya ce, “Wace rana kake nufi?” Na tuna musu: Juma'a, sanyi, izinin zama, kwalekwale. Na biyun ya ce shi dai ya tuna akwai ranar da miya ta yi yaji. Mai izinin zama, wanda ya yi dariya har ya ƙware, ya juya takardar ya duba bayanta, ya miƙo mini. Ya ce, “Allah ya ji ƙanta. Wai dama gwaggo tana jin Turanci ne?”

Na ninke takardar na tashi.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo Maka daga ƙasar da ba tata ba. Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da 'yarta, Ka saka mata da abin da ta ɗauka ba wanda ya sani. Ku da kuka karanta, ku sa ta a addu'a. Ni kuma kada ku ce mini in yi haƙuri. Gwaggo tana jin Turanci, ta fi ni jin sa, kuma ta mutu tana zaton ban sani ba.